Daro da Tawul: Nazarin Aƙida da Ibadar Ekklesiyar 'Yan'uwa

Duk wanda ya bi hanyar Gombi zuwa Biu, ko ya ratsa Hong ya nufi Mubi da Michika, zai yi ta cin karo da alluna masu haruffa uku, EYN, a ƙofar majami'u manya da ƙanana. Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya ke nan. A arewacin Adamawa da kudancin Borno babu wanda zai ce da ita ƙarama. Amma uwar da ta haife ta, wadda ake kira Church of the Brethren a Amurka, ƙaramar ɗariƙa ce ƙwarai: mambobinta a can ba su kai dubu ɗari ba a yau, kuma kullum raguwa suke yi. 'Yar da ke Nijeriya ta ninka uwar sau da yawa.

Nazarin wannan ɗariƙa yana da wata wahala ta musamman. Mai son sanin abin da Katolika suka gaskata zai buɗe katekizim. Mabiya Luther suna da takardar shaidar bangaskiya ta Augsburg tun 1530, Angilika kuma suna da ƙa'idodinsu talatin da tara. 'Yan'uwa ba su da ko ɗaya. Tun ranar farko suka ƙi rubuta kundin aƙida, suka ce Sabon Alkawari ya wadatar. Don haka mai nazari ba shi da takardar da zai bi sadara-sadara, sai ya koma ga abin da suke yi da hannu da gwiwa da ƙafa. Abin da nake so in nuna shi ne, aƙidar tasu tana nan a shirye tsaf cikin waɗannan ayyuka, kuma matsayinsu mafi nauyi, wato ƙin ɗaukar makami, daga cikinsu ya tsiro.

Labarin ya faro ne daga ƙasar Jamus bayan Yaƙin Shekara Talatin. Sulhun Westphalia na 1648 ya amince da ikilisiyoyi uku kacal, Katolika da Lutheran da Reformed, kuma kowane talaka addinin sarkinsa yake bi. Ana haihuwar jariri a yi masa baftisma, ya zama ɗan ƙasa kuma ɗan ikilisiya a lokaci guda. Sake yi wa baligi baftisma laifi ne da dokar daula ta tanadar wa hukunci mai tsanani. A cikin wannan hali wata farkawa ta taso, ta mutanen da suka ga cewa ibadar majami'un hukuma ta bushe, suka riƙa taruwa a gidaje suna karatu da addu'a. Ɗaya daga cikinsu shi ne Alexander Mack, ɗan gidan masu injin niƙa a garin Schriesheim, wanda aka haifa a 1679. Wa'azin wani mai yawon bishara, Hochmann von Hochenau, ya kama shi, hukuma ta matsa masa, a 1706 ya bar gari ya fake a ƙauyen Schwarzenau, inda mai mulkin yankin Wittgenstein yake kau da kai ga masu saɓanin ra'ayi.

Masu farkawar nan da yawa sun ɗauka cewa ibada ta zuciya ce zalla, ba ta bukatar ruwa ko gurasa ko wani tsari. A nan Mack ya rabu da su. Ya yi cuɗanya da mabiya ɗariƙar Mennonite, ya karanta tarihin Kiristocin farko, ya kai ga cewa idan Yesu ya umarci a yi abu a zahiri, to biyayya ita ce a yi shi a zahiri. A shekarar 1708 mutum takwas, maza biyar da mata uku, suka gangara kogin Eder. Aka jefa ƙuri'a aka fitar da wanda zai yi wa Mack baftisma, shi kuma ya yi wa sauran. Sunan wannan mutum na farko ba su taɓa faɗa ba, don kada a wayi gari ana kiran jama'ar da sunan wani ɗan Adam. Wannan ɓoyewa kaɗai ta faɗi abu mai yawa game da halinsu.

Yadda suke baftisma har yau bai sauya ba. Baligi ne ake yi wa, ko aƙalla wanda ya yi hankalin da zai amsa da bakinsa. Yana durƙusawa a cikin ruwa, a tambaye shi bangaskiyarsa da tubansa da alkawarin riƙon amana har mutuwa, sannan a nutsar da shi ta fuska sau uku, sau ɗaya da sunan Uba, sau ɗaya da sunan Ɗa, sau ɗaya da sunan Ruhu Mai Tsarki. Kafin ya miƙe a ɗora masa hannu a yi addu'a. Ga koyarwar Allah Uku Cikin Ɗaya an faɗe ta ba tare da an karanta wata shaida ba. Sunkuyawa gaba kuma sukan danganta ta da yadda Yesu ya sunkuyar da kai a kan gicciye. Muhimmin abu dai shi ne zaɓi. Ikilisiyar da ake shiga da ƙafar kai ba za ta iya zama reshen hukuma ba, kuma ba ta da hujjar tilasta wa kowa. Daga nan ƙa'idarsu ta cewa ba a dole a sha'anin addini ta samo tushe, kuma mai karatu Musulmi zai tuna cewa akwai makamancin wannan a Suratul Baƙara, ko da yake kowane ɓangare ya bi tasa hanyar zuwa gare ta.

Sun biya farashi. A 1717 an kama mutum shida daga garin Solingen aka ɗaure su a kurkukun Jülich kusan shekara huɗu saboda baftisma kawai. A 1719 Peter Becker ya jagoranci ayari na farko zuwa Pensilbaniya, aka yi baftismarsu ta farko a ƙasar Amurka ranar Kirsimeti ta 1723 a rafin Wissahickon kusa da Germantown, Mack kuma ya biyo baya da nasa ayarin a 1729. Ba a daɗe ba Turai ta zama babu 'Yan'uwa a cikinta, ɗariƙar ta koma ta manoma masu jin Jamusanci a karkarar Amurka.

Zuciyar ibadarsu ita ce bukin ƙauna, kuma a kansa ya kamata a daɗe. Galibin ikilisiyoyi sun ɗauki gurasa da ƙoƙo daga daren ƙarshe na Yesu da almajiransa suka bar sauran. 'Yan'uwa suka ce a maimaita daren gaba ɗayansa, sau ɗaya ko sau biyu a shekara. A tsarin da, bukin yakan fara tun makonni kafin ranarsa. Dikononi su fita bibbiyu suna bin gidajen mambobi ɗaya bayan ɗaya, suna tambayar kowa ko har yanzu yana kan bangaskiyar da ya shaida ranar baftismarsa, ko yana zaman lafiya da jama'a, ko kuma a shirye yake ya ci gaba da aiki tare da su. In aka tarar da biyu ba sa ga-maciji, sai a bi matakan da ke Matiyu sura 18: ka je wurin ɗan'uwanka kai kaɗai, in ya ƙi ka tafi da shaidu, in ya ƙi a kai gaban ikilisiya. Rikicin kan iyakar gona ko bashin da ba a biya ba yana iya sa a ɗage bukin ɗungurungum. Ba a kai ɗan'uwa kotu, ba a kuma zama teburi ɗaya da shi da ƙullaci a ciki.

Ranar buki da yamma a zauna a dogayen tebura, maza a gefe, mata a gefe. A fara da binciken kai. Sai a karanta Yahaya sura 13, a kawo daro da ruwa da tawul. Mutum ya ɗaura tawul a ƙugu, ya durƙusa ya wanke ƙafafun na kusa da shi, ya share, su miƙe su rungumi juna, a da har da sumba mai tsarki. Daga nan a ci abinci tare, abinci na sosai: a al'adar Amurka naman sa ne da romo da aka jiƙa burodi a ciki, sau da yawa mutum uku ko huɗu a kwano ɗaya. Sai bayan duk wannan a karya gurasa marar yisti, a sha ƙoƙo, a rufe da waƙa.

Wannan jeri ba haka kawai aka yi shi ba. Hujja ce da aka gina hawa-hawa: sulhu, sannan ƙasƙantar da kai, sannan tarayya, sannan saduwa da Ubangiji. Ba a tsallake ɗan'uwa a isa ga Allah. A wasu ikilisiyoyi shugaba ne yake wanke ƙafafun mutum goma sha biyu sau ɗaya a shekara, jama'a na kallo, kuma abin yana da kyansa, amma yana nuna tawali'un babba ne. A wurin 'Yan'uwa kowa yana wankewa, kowa kuma ana wanke masa. Ina ganin rabi na biyun ya fi wuya. Mai hali da ya saba bayarwa zai iya durƙusawa ya ji daɗin kansa. Miƙa ƙafarsa ga wanda yake yi masa aikin gona, ya zauna shiru ana yi masa hidima, wannan ne yake karya girman kai. Mu da muka tashi inda ƙarami ke tuɓe takalmi ya durƙusa wa babba mun san nauyin ganin an juya abin.

Ginin majami'unsu na da ma wannan buki aka yi wa. Babu hasumiya, babu mumbari mai tsawo, babu kayan kiɗa. Masu wa'azi suna zama a bayan teburi daidai da jama'a, kuma manoma ne da aka zaɓa daga cikin taro, ba a biyansu albashi. Bencina an ƙera su yadda za a juya majingininsu su zama tebura. A ƙasan gini akwai madafa da manyan tukwane, a saman rufi akwai wurin kwanan baƙin da suka zo daga nesa, don bukin yakan ɗauki kwana biyu. Akwai kuma shafe marar lafiya da mai bisa ga Yakubu sura 5, wanda shi ma ake fara shi da ba mutum damar furta abin da ke damun lamirinsa. Rantsuwa kuwa ba sa yi, ko a gaban alƙali, don a ganinsu mai rantsuwa ya yarda ke nan cewa maganarsa ta kullum ba abar dogaro ba ce.

Sai dai wannan hanya tana da raminta, kuma sun faɗa ciki. Jama'ar da ta ce ba ta da rubutacciyar aƙida sai aiki, gardamarta a kan aiki za ta koma. A ƙarni na 19 Taron Shekara ya yi ta yanke hukunci a kan gemu, da yankan riga, da hular mata, da shimfiɗar ɗaki, da makarantar Lahadi, har kundin hukunce-hukuncen ya zama wata aƙidar da ta fi wadda aka guda tsauri. Wankin ƙafa kansa ya raba kawuna: shin mutum ɗaya ya wanke wani ya share, su bi layi, ko kowa ya wanke ya share wa na kusa da shi? Wanda ke waje zai ga abin bai kai ya kawo ba. Amma tambayar da ke ƙasa ita ce ko kowane mutum zai sami rabonsa na durƙusawa, kuma tsari na biyu, wanda ya tabbatar da haka, shi ya yi rinjaye daga baya. Tsakanin 1881 da 1883 ɗariƙar ta rabu uku: masu riƙon tsohuwar hanya suka fice, masu son sauyi da sauri suka kafa tasu, mafi yawa suka tsaya a tsakiya suka ɗauki sunan da ake saninsu da shi yanzu a 1908. Daga nan kwalejoji da fastoci masu albashi da aikin mishan suka shigo, tufafin da suka bambanta su suka tafi, mata suka sami cikakken naɗin fastanci a 1958. Ko a 2020 wasu ikilisiyoyi sun sake ɓallewa a kan fassarar Littafi da batun aure.

Yanzu ga batun yaƙi. Idan ka wanke ƙafar mutum ka ci kwano ɗaya da shi, ba ka da hanyar ɗaga masa takobi. 'Yan'uwa sun faɗaɗa wannan har ya haɗa da maƙiyi, bisa koyarwar Yesu a kan dutse, shi ya sa ake lissafa su tare da Mennonite da Quaker a matsayin ikilisiyoyin salama uku na tarihi. A yaƙin neman 'yancin Amurka an ƙwace maɗaba'ar dattijonsu Christopher Sauer ƙarami a 1778, wadda mahaifinsa ya buga Littafi Mai Tsarki na Jamusanci da ita a 1743. Sun hana mambobinsu mallakar bayi tun ƙarshen ƙarni na 18, amma suka ƙi shiga yaƙin basasar Amurka ta kowane ɓangare. Dattijo John Kline na Bajiniya, wanda ya riƙa ƙetare fagen daga don ya jagoranci Taron Shekara, an yi masa kwanton ɓauna aka harbe shi a 1864. Kuma a Antietam, ranar 17 ga Satumba 1862, yinin da ya fi kowane zubar da jini a tarihin ƙasar, an yi gumurzun ne a kewayen wata 'yar farar majami'a ta waɗannan masu ƙin yaƙi.

Ba kullum suka tsaya da ƙafafunsu ba. A 1918 sun fitar da sanarwa a Goshen suna hana samarinsu sa kakin soja, gwamnati ta yi barazanar gurfanar da shugabanni, suka janye ta. A Yaƙin Duniya na Biyu, duk da cewa ikilisiya ta taimaka wajen kafa aikin farar hula a madadin soja, mafi yawan samarinta da aka kira soja suka shiga. Abin da ya fito mai kyau daga wannan rauni shi ne sun gane ƙin yaƙi kaɗai bai isa ba, sai an haɗa da hidima. Dan West, wanda ya raba madarar gari ga yara a yaƙin basasar Sifen, ya dawo da tunanin cewa gara a ba iyali saniya mai ciki da sharaɗin su ba wani 'yar maraƙar farko. A 1944 aka tura rukunin farko, shirin kuma ya girma ya zama ƙungiyar Heifer ta yau. Daro da tawul ne aka fitar daga majami'a zuwa duniya.

Ranar 17 ga Maris 1923 H. Stover Kulp da Albert Helser suka yi sujada ta farko a gindin wata tsamiya a Garkida, cikin ƙasar Bura. Aikin ya bazu zuwa Lassa cikin Margi, da Marama, da Chibok a 1941, tare da asibitoci, da wurin jinyar kutare kusa da Garkida, da makarantun Waka a gefen Biu, da makarantar Hillcrest a Jos. (Zazzaɓin Lassa ma daga garin Lassa, inda asibitin wannan mishan yake, ya samo sunansa, bayan rasuwar ma'aikaciyar jinya Laura Wine a 1969.) Ikilisiyar ta tsaya da ƙafarta a 1972, hedkwatarta na Kwarhi kusa da Mubi, inda makarantar tauhidi mai sunan Kulp take. Da yake mambobinta Bura ne da Margi da Kibaku da Kamwe da Kilba da wasunsu, Hausa ce ta zama harshen da ya haɗa su a sujada da waƙa, taronsu na shekara kuma Majalisa ake ce masa.

Wasu abubuwa sun ƙetaro teku lafiya: nutsarwa sau uku, wankin ƙafa, sunan 'yan'uwantaka. Wasu sun sauya kama. Shirun tsohuwar majami'ar Pensilbaniya ya ba da wuri ga ganguna da waƙoƙin Zumuntar Mata cikin anko, shugabanci kuma ya zama hawa-hawa daga ikilisiyar gari zuwa gunduma zuwa hedkwata, fiye da yadda Mack zai gane. Koyarwar ƙin makami ta iso, amma ba ta zama sharaɗin zama mamba ba, 'ya'yan ikilisiyar da yawa sun yi aikin soja da ɗan sanda.

Sannan Boko Haram ta zo, kuma ƙasar da ta fi ci ita ce ainihin ƙasar EYN. Mafi yawan 'yan mata 276 da aka sace a Chibok daren 14 ga Afrilu 2014 'ya'yan wannan ikilisiya ne. A ƙarshen Oktoba na wannan shekara aka mamaye Kwarhi, shugabanni suka koma Jos na wani lokaci. Ikilisiyar ta ba da rahoton mutuwar dubban mambobinta, da gudun hijirar dubban ɗaruruwa, wasu har sansanin Minawao a Kamaru. A Janairu 2020 aka kashe Rabaran Lawan Andimi na Michika bayan an yi garkuwa da shi, a watan da ya biyo aka kai wa Garkida hari. Tun zamanin fursunonin Solingen ba a taɓa gwada wannan koyarwa da wuta irin haka ba, kuma waɗanda aka gwada ba zuriyar Jamusawan ba ce.

Shugabanninta, tun daga Rabaran Samuel Dali da ke kan kujera a lokacin, sun yi ta kira da kada a rama, suka kira azumi da addu'a, suka raba kayan agaji ga Kirista da Musulmi, suka buɗe tarurrukan warkar da raunin zuciya. Ina girmama wannan matuƙa, domin kiran haƙuri daga bakin wanda aka ƙona wa gida ba ɗaya yake da na wanda ke zaune lafiya ba. Amma nazari na gaskiya dole ya faɗi inda koyarwar ta yi tsamari. Matakan Matiyu 18 an shirya su ne don wanda zai yarda ya zauna a yi magana, ba don wanda ya zo da dare a kan babur ba. Mai ƙin makami da sojoji suka ƙwato masa garinsa yana cin moriyar makamin wani, kuma wannan tambaya ta bi ikilisiyoyin salama tun Pensilbaniya ba su gama amsa ta ba. Samarin da suka shiga 'yan banga don tsare ƙauyensu, a majami'a ɗaya suke sujada da fastocin da ke wa'azin kada a rama.

Inda koyarwar take da aikin yi sosai shi ne bayan an dawo gida. Maharin daji ba a san fuskarsa ba, amma maƙwabcin da ake zargi ya nuna gida, ko aka ga kwanon rufinka a kan ɗakinsa, yana nan ana haɗuwa da shi a bakin rijiya. A Michika, bayan dawowar jama'a, rashin yarda ya kai Kirista da Musulmi suka raba ranar cin kasuwa. Tsarin dikononi na bin gida-gida an yi shi ne don mutanen da suka sha ruwan baftisma ɗaya, suka yarda da hukuncin ikilisiya ɗaya. Wanda ake bukatar a sulhunta da shi a Michika ko Madagali ba ya zuwa bukin ƙauna, ba ya ƙarƙashin Majalisa, kuma shi ma yana da gawarwakinsa da ya binne.